Jawabi: Robar da ake sa wa mai ciwon daji a ƙirji

Jama'ar Tawa da ta Adar, ciwon daji a yau yana da wurin magani a Nijar. Cibiyar ƙasa ta yaƙi da cutar tana Yamai, kuma a shekarar 2021 ta fara gasa cutar da haske. Amma tsakanin Tawa da Yamai akwai fiye da kilomita 500, shi ya sa mutumin Keita ko Tamaske kan dawo gida da wani abu a jikinsa wanda danginsa ba su san kansa ba.

Abin nan siririyar roba ce, likitoci na ce mata katetar. Maganin shimiyo yana da zafi, yakan ƙone ƙananan jijiyoyin hannu, saboda haka ake zura robar ta babbar jijiyar wuya ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya. Wani likita Bafaranshe, Robert Aubaniac, shi ya bayyana hanya ta biyun a 1952. Dole bakin robar ya tsaya a ƙofar zuciya, inda jini ke kwarara da yawa yana tsarma maganin.

To, idan ta kauce fa? Allura na iya huda rigar huhu, iska ta taru, numfashi ya gagara. Idan robar ta zarce cikin zuciya, bugunta ya rikice, har takan huda ta. Wata kuma sai ta juya sama ta bi wuya. Mara lafiya yakan ji kamar ruwa na gudu a kunnensa lokacin ƙarin magani, a ɗauka ko ruɗewa ya yi, alhali gaskiya yake faɗa. Mafi muni shi ne maganin ya zuba cikin tsoka: jan nan da ake kira dokzorubisin yana cinye nama, ya bar gyambo mai wuyar warkewa.

Ɗan kasuwa ba ya karɓar kaya sai ya duba, ma'aikaci ba ya sa hannu sai ya karanta. Haka nan mai jinya yana da haƙƙin tambaya: an ɗauki hoton ƙirji bayan sa robar? Hoto ɗaya kan nuna inda bakinta ya tsaya, kuma ya kamata a dawo da shi Tawa tare da takardun.

A gida kuwa, kumburin hannu ko wuya ko fuska, zazzaɓi da makyarkyata, ko sarƙewar numfashi, ba na jiran ranar komawa Yamai ba ne. A nufi babban asibitin Tawa nan take, a shaida wa likita cewa akwai roba a ƙirji.