Daga Randa Zuwa Furosesa: Lacca Kan Sanyaya Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa ɗora laftof a cinya cikin watan Afrilu a birnin Kano, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ya san kukan fankarta. Abin da ke dafuwa a ciki shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Da ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A nan ne mai ita zai ce ta yi nauyi.

Maganin da aka fi dogara da shi kuwa, kowace tsohuwa a Yakasai ko Jakara ta san shi, domin shi ne sirrin randa: ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, ya bi iska, ya tafi da zafi. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka ma a cikin laftof akwai siririn bututun jan ƙarfe da aka zuƙe iskarsa aka bar ɗan ruwa. Ruwan yakan zama tururi a kan furosesa, ya gudu gefen fanka, ya huce, ya dawo. Randa ce dai, sai dai wannan ba a ƙara mata ruwa.

Wasu injiniyoyi ba su ƙoshi da haka ba, suka ce a kawo firji sukutum. Kamfanin IBM ya sa shi cikin manyan kwamfutocinsa a 1997. A 1999 kamfanin KryoTech na Amurka ya haɗa ɗan ƙaramin kwamfuresa da furosesan AMD Athlon, ya saukar da shi zuwa digiri 40 ƙasa da sifili, gudunsa ya kai gigahaz 1, abin da a lokacin ya zama abin magana.

To, me ya hana abin yaɗuwa? Raɓa. Kamar yadda gorar ruwan sanyi ke zufa da damina, haka ƙarfen da ya fi iskar ɗaki sanyi yake tara ruwa, ruwa kuwa ajalin kayan lantarki ne. Ga tsada, ga nauyi, ga shan wuta, a garin da wutar ma sai an yi sa'a.

Masu gyara a kasuwar Farm Centre sun san ainihin abokin gabar kwamfuta a Kano: ƙurar hunturu da ke toshe fanka da ƙofofin iska. Saboda haka, kafin kowa ya yi mafarkin firji, idan hunturu ya wuce ya kai kwamfutarsa a buɗe, a bushe ƙurar, a sauya man da ke kan furosesa, ya kuma daina ajiye ta a kan katifa.