Injin Niƙa da Kunnuwan 'Ya'yanmu



Daga Bichi zuwa Ɗambatta, da wuya a sami ƙauyen da babu injin niƙa. Ya hutar da matanmu, amma yara muke aika da gero da dawa, su tsaya dab da shi har layi ya zo kansu.

A can cikin kunne akwai 'yan ƙananan gashi masu kama sauti. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Masana suna auna ƙara da desibel: a 85, iyakar mutum awa 8, a 100 kuwa, minti 15 kawai. In sai mun ɗaga murya kafin na kusa ya ji mu, ƙarar ta yi yawa.

Saboda haka yara su ajiye kwano, su jira daga nesa. Mai inji ya sa matoshin kunne na roba, domin auduga ba ta isa ba. A majami'a mu rage lasifika, kada mu zaunar da yara a gabanta. Wanda jinsa ya ragu ya je asibiti. Akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya taimake mu.