Mai Miƙo Magani Ta Taga

Jama'ar Mawashi da kewaye, yau maganarmu a kan ma'aikacin nan ce da ke miƙo muku magani ta taga a asibiti. Kada ku zaci ƙirga ƙwayoyi kaɗai ya iya. Karatu ya yi. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya, kusa da ku, inda a ke koya wa samari da 'yammata karanta takardar likita, da auna magani gwargwadon nauyin yaro, da adana shi kada zafi ya lalata shi. In sun gama, sai hukuma ta yi musu rajista.

To, mai tallar magani a faranti ran kasuwa fa, wa ya koya masa? Tun hantsi rana ke dukan kayansa.

Saboda haka in an ba ku maganin zazzaɓin cizon sauro, ku tsaya ku tambayi ma'aikacin. Galibi kwana 3 a ke sha, safe da dare, sau 6 ke nan. Yaro ya kan ji sauƙi a rana ta biyu, uwa ta ɓoye sauran don gaba, zazzaɓi kuwa ya komo. A shanye duka.

Wanda ɗansa ko 'yarsa ta gama sakandare, ta ci kimiyya da lissafi, ya je Kankiya ya nemi bayani.