Yaron Da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Darasin Kullen Korona

 

Ba mu manta ranar 30 ga Maris 2020 ba, da gwamnati ta kulle Legas da Abuja saboda annobar Korona. Ba boko, ba Islamiyya, muka wuni ɗaki ɗaya da 'ya'yanmu. Nan ne muka lura da yaron da ba ya zama minti biyar, a aike shi ya manta saƙo, ana magana ya katse. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ɗauko dorina.

To jama'a, likitoci na kiran wannan larura ADHD, wato rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. Daga ƙwaƙwalwa take, galibi gado ce, tana bayyana kafin shekara 12. Amma ba duk mai rawar kai ke da ita ba, sai abin ya kai wata 6, a gida da makaranta.

Abin da ya taimake mu shi ne tsari. Muka ɗora ayyukan yini bisa lokutan salla. Umarni ɗaya a lokaci guda, muna kallon idonsa. Karatu kaɗan, sai ya tashi ya ɗebo ruwa. In ya yi daidai, a yaba masa nan take. Duka kuwa tsoro kawai yake ƙarawa.

Wanda abin ya fi ƙarfinsa, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Kai yaro can ba abin kunya ba ne. Mu haɗa addu'a da neman magani.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalam.