SAIWA MAI ƘAMSHI: DUKIYAR DA KE ƁOYE CIKIN ƘASA

Jawabi zuwa ga manoma da mata masu haɗa turare na Hamdara, cikin ƙasar Mirriya, domin a karanta a ajin yaƙi da jahilci.



Kowa ya san turare. Ba a kai amarya ɗakinta sai da turaren wuta da humra. Mai jego ma tana turara ɗakinta. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fatake suna ratso hamada daga Tarabulus zuwa Damagaram, kuma turare yana cikin kayan da suke kawowa. Amma mutane da yawa ba su san wani ƙamshin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa ba. Yau za a yi magana a kan saiwa iri uku. Ɗaya ta ƙasar waje ce, biyu na gida ne.

Saiwar iris

A ƙasar Italiya, a duwatsun da ke kewaye da birnin Fulorans, ana noman wani fure mai suna iris. A duwatsun Maroko ma ana noman wani irinshi. Furen yana da kyau, amma saiwar ake so.

Manomi yana dasa shi, ya jira shekara 3. Sannan ya tona, ya feƙe bawon da wuƙa, ya wanke, ya shanya. A lokacin nan saiwar ba ta da wani ƙamshin kirki. Sai a zuba ta cikin buhu, a ajiye wuri mai iska, har wata shekara 3. Cikin ajiyar nan ne ƙamshin yake fitowa sannu sannu. Wanda ya dasa bana, sai bayan shekara 6 kayanshi za su kai ga mai turare.

Daga nan a niƙa, a turara, a tatso man. Kilo 1.000 na busasshiyar saiwa ba ya ba da mai fiye da kamar kilo 2. Shi ya sa man yana cikin kayan turare mafi tsada a duniya. Masu haɗa turare na garin Garas, a Faransa, suna son shi don yana riƙe ƙamshi, ya hana shi tashi da wuri. Da can ana sa garin saiwar cikin sabulu da hoda. A 1893 wasu masana biyu na Jamus suka haɗa wani ƙamshi mai kama da shi cikin ɗakin bincike. Irin wannan ne ake sa wa sabulu mai araha.

Iris yana son sanyin dutse. Zafin Damagaram bai dace da shi ba. To, me ya kawo labarinshi? Don ƙasar nan ma tana da nata saiwoyin.

Kajiji da jema

Kajiji yana fitowa bakin tabki da cikin fadama, inda ruwa ke kwanciya. Ƙwayoyinshi suna cikin laka. Mata suna daka shi, su haɗa da sandal da sukari da turaren ruwa, su yi turaren wuta. Wasu suna sa shi cikin akwatin tufafi. A ƙasar Burazil ma akwai kajiji. Can ana noman shi a gona, wani kamfani mai suna Natura yana saye yana yin turaren kwalba da shi.

Jema ciyawa ce ta fadama. An san ta wajen zana da jinka, amma saiwarta tana da ƙamshi. A Mali da Senegal mata suna jefa ta cikin randa don ruwa ya yi daɗin sha. Saiwar tana shiga ƙasa da zurfi, tana riƙe ta kamar raga. A ƙasar Hayiti ana noman ƴar'uwar jema, ana sayar da manta ƙasashen waje. Amma inda aka tone ta kaf a gefen tudu, ruwan sama yana kwashe ƙasar gonar ya tafi da ita.

Ina matsalar take?

Tun farin 1973 da na 1984 an ga yadda tabki ke ƙafewa, rairayi yana cinye fadama. Mutane sun ƙaru, dabbobi sun ƙaru, lambuna sun matsa har bakin ruwa. In kowa ya tona kajiji bai bar kome ba, baɗi ba za a samu ba. Sai mai haɗa turare ta saya da tsada a kasuwar Dole ta Damagaram, ribarta ta ragu.

Abu na biyu shi ne gaggawa. Saiwar da ba ta bushe ba tana yin fumfuna cikin buhu. Ƙamshinta ya lalace, mai saye ya karya kuɗinta.

Abin da ya kamata a yi

1. A jira ruwa ya janye, saiwa ta ƙosa, sannan a tona.
2. Kada a tone wuri ɗaya kaf. A bar rabi, a mayar da ƙanana cikin laka, a rufe ramin.
3. A wanke laka sarai, a shanya bisa tabarma inda iska ke shiga, ana juyawa. Sai ta karye ƙas a hannu sannan ta bushe.
4. A zuba cikin buhun algarara ko tukunyar ƙasa irin ta Mirriya. Leda tana tara gumi.
5. A dasa jema jere a bakin lambu, inda ruwa ke zaizaye ƙasa. A yanki ciyawar, saiwar kuwa a ɗiba kaɗan kaɗan.
6. Mata su haɗa kansu ƙungiya, su auna kayansu, su rubuta nauyi da kuɗi cikin littafi. Nan ne karatu yake da rana. Wadda ta iya rubutu da lissafi, dillali ba ya cutarta.

Manomin Italiya yana jiran shekara 6. Mai tonon kajiji, ƴan makonni kawai ake roƙon ya jira, ya kuma bar iri cikin ƙasa. Wanda ya ji wannan jawabi ya gaya wa maƙwabcinshi. Mai gari da shugabannin mata su zauna su tsai da lokacin tono.

Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.