Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Ɗalibi Da Lasisin Manhajar Kwamfuta



Muna godiya da wannan dama da aka ba mu ta tsayawa a gabanku domin mu tattauna wani al'amari wanda kullum muna tare da shi, amma ba safai mukan dube shi da idon basira ba. A yau babu ɗalibin da zai kammala karatun jami'a ba tare da ya yi rajista ta intanet ba, ya buga aikinsa da kwamfuta, ya aika wa malaminsa kundin bincike ta imel. To, in ɗalibi ya tara kuɗi ya sayi kwamfuta, akwatin da gilashin nasa ne, babu jayayya. Amma abin da ke motsa akwatin, watau manhaja, na wane ne? Wannan ita ce tambayar da muke so mu ɗora jawabinmu a kanta.

MENE NE LASISI?

Duk sa'ad da za a saka sabuwar manhaja a kwamfuta, akan ga wata doguwar takarda ta bayyana, an rubuta ta da ƙananan haruffa cikin Turancin lauyoyi, a ƙarƙashinta kuma ga maɓallin amincewa. Jama'a sukan danna shi su wuce. Alhali kuwa wannan takarda, wadda ake kira lasisi, yarjejeniya ce tsakanin mai manhaja da mai amfani da ita. Abin da lasisin yawancin manyan kamfanoni ya ƙunsa a taƙaice shi ne: ba sayar maka da manhajar aka yi ba, izinin amfani da ita aka ba ka. Ba ka da ikon kwafa wa abokinka, ba ka da ikon buɗe cikinta ka ga yadda aka ƙera ta, balle ka gyara ta.

Wanda ya sayi keke a kasuwa yana da ikon ya ara wa maƙwabcinsa, ya kwance shi ya ɗaura, ya kai wa duk mai gyaran da ya ga dama. Wanda ya biya kuɗin irin wannan manhaja kuwa matsayinsa na ɗan haya ne, wanda ko ƙusa ba zai kafa a bango ba sai da yardar mai gida.

Ya kamata kuma mu san cewa kowace manhaja tana da fuska biyu. Akwai rubutun asali, watau jerin umarnin da ɗan Adam ya rubuta da harshen da masu ilmin kwamfuta ke iya karantawa. Akwai kuma juyin da aka yi wa wannan rubutu zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Kamfani yakan ba ka na biyu, ya kulle na farko a taskarsa. Ga ɗalibi kuwa ilmin yana cikin na farkon.

YADDA AKA FARO

Ba haka al'amarin yake ba tun fil azal. A farkon zamanin kwamfuta, na'urar ake saye, manhaja kuwa akan haɗa ta da ita, masu bincike a jami'o'i suna musayarta kamar yadda malamai ke musayar littattafai. A shekarar 1969 kamfanin IBM ya fara raba kuɗin manhaja da kuɗin na'ura. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka da masu kwafar manhajar kamfaninsa ba su biya ba. A 1980 majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar haƙƙin mallaka domin ta bayyana ƙarara cewa manhaja tana ƙarƙashinta. A Nijeriya ma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafta manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da doka ke karewa.

To, amma ba kowa ya yarda da wannan tafarki ba. Wajen shekarar 1980, a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, wani mai rubuta manhaja, Richard Stallman, ya nemi rubutun asalin manhajar wata na'urar buga takardu domin ya sa ta riƙa sanar da mutane in takarda ta maƙale. Aka hana shi. A 1983 ya yi shelar fara aikin GNU, da nufin gina cikakkiyar manhajar sarrafa kwamfuta wadda babu mai kulle ta, a 1989 kuma ya fito da lasisin GPL. Wannan tafarki ya tsaya a kan 'yanci huɗu: ka yi amfani da manhaja don duk buƙatar da kake da ita; ka karanta rubutun asalinta ka gyara; ka kwafa ka ba wani; ka rarraba gyaran da ka yi. Babban sharaɗin GPL shi ne duk wanda ka miƙa wa manhajar, ka miƙa masa ita tare da wannan 'yanci, kada ka rufe ƙofar da ka samu a buɗe.

A nan Hausa ta fi Turanci sauƙi, domin su kalma ɗaya suke da ita mai nufin 'yanci da kuma kyauta, mu kuwa mun raba su. Maganarmu a kan manhaja mai 'yanci ce, ko da a ce an biya kuɗi kafin a same ta.

Wanda ya cika wannan gini kuwa ɗalibi ne kamarmu. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya rubuta zuciyar manhajar da aka sani da Linux, a 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Tun daga ƙarshen 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki, kuma duk mai wayar Android a wannan zaure yana ɗauke da ita a aljihunsa.

HALIN DA MUKE CIKI

Kowa ya sani kwamfutoci da yawa da ke hannun ɗalibai na gwanjo ne, manhajar da ke cikinsu kuma wadda aka fasa makullinta ce, mai shago ya zuba ta a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ba mu tsaya nan domin mu zargi ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta ba, ganin farashin lasisi da dala ake yanka shi, darajar naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun daga 2023. Amma wajibi ne mu faɗi illar wannan hanya.

Da farko, ta saɓa wa doka, kuma wanda ya saba da ita tun yana ɗalibi zai kai ta ofis ko kamfanin da zai kafa gobe. Na biyu, wanda ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa yakan cusa wata muguwar manhaja mai satar kalmar sirri ko lalata takardu. Bugu da ƙari, irin wannan kwamfuta akan kashe mata hanyar karɓar gyaran tsaro don kada asiri ya tonu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 manhajar ɓarna mai suna WannaCry ta afka wa kwamfutocin Windows da ba a yi musu gyaran tsaro ba a ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Na uku, wanda shi ne mafi girma a wurinmu, ita fasasshiyar manhaja tana nan a rufe kamar ta halal. Tana koya mana danna maɓalli, ba ta koya mana ƙira.

Wanda ya biya ma bai tsira ba. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin biya duk wata ko duk shekara, ran da ka kasa biya a rufe maka. A watan Oktoban 2019 ya sanar da abokan cinikinsa na ƙasar Venezuela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai da ya sami izini daga gwamnatin sa'an nan ya janye. A Sudan, inda muke da 'yan'uwa Hausawa masu yawa, takunkumin da aka ƙaƙaba a 1997 ya hana jama'a samun manhajojin kamfanonin Amurka da dama ta hanyar halal, sai a 2015 aka sassauta a kan na sadarwa. Daɗin daɗawa, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Na'ura lafiyarta ƙalau, amma an yanke mata ranar tsufa a wata nahiya. Gaskiyar magabata ce, zanen aro ba ya rufe katara.

DARASIN IMEL DA HARUFFANMU

Domin mu ga amfanin buɗaɗɗiyar hanya, mu dubi imel. A 1971 Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @. A 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar aika irin wannan saƙo a fili, kowa ya karanta ya gina nasa. Saboda haka ne mai Gmail ke rubuta wa mai Yahoo, jami'a kuma ta kafa nata gidan wayar ba tare da neman izinin kowa ba. Amma mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram saƙo kai tsaye, domin kowanne ya kewaye gonarsa da shinge. Haka nan a 1993 cibiyar bincike ta CERN ta sakar wa duniya fasahar shafukan intanet ba tare da neman ko kwabo ba, shi ya sa ta game duniya.

Harshenmu ma ya ci moriyar wannan. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma tsarin a buɗe yake ga kowa. Ƙungiyar SIL ta ƙera salon haruffa irin su Charis da Andika masu ɗauke da su, har da wani mai suna Alkalami na rubutun ajami irin na Kano, duk a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi. Kamfanin da ke neman riba zai kula da Hausa ne gwargwadon abin da zai samu. Manhaja mai 'yanci kuwa ɗaliban sashen Hausa da na ilmin kwamfuta suna iya haɗa kai su fassara ta, su sa mata ƙamusun gyaran rubutu, ba sai sun jira wani ya tausaya musu ba.

ABIN DA MASU JA SUKE CEWA

Wasu za su ce ma'aikatu Word da Excel suka sani, kuma takardar da aka tsara da LibreOffice wani lokaci takan karkace in aka buɗe ta da Word. Wannan gaskiya ne. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, sa'an nan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Sauyi yana buƙatar horo da haƙuri da masu gyara a kusa. Amma a ɗaya ɓangaren, makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya sun daɗe suna koyarwa da manhaja mai 'yanci, jandarmomin Faransa sun mai da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu, a 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Wanda kuma ya fahimci yadda ake tsara takarda da lissafi a manhaja ɗaya, ɗayar ba za ta gagare shi ba.

Wasu kuma za su ce, to mai rubuta manhaja me zai ci? Lasisin GPL bai hana ciniki ba. Ana samun kuɗi ta hanyar kafawa da gyara da horarwa. A 2019 IBM ya sayi kamfanin Red Hat, wanda sana'arsa ke nan, a kan dala biliyan 34. Irin wannan aiki kuwa matashi yana iya yin sa a Kano ko Zariya ko Damagaram, kuɗin ya zauna a gida.

KIRA

Saboda haka muna kira ga kowane ɗalibi ya riƙa duba lasisi kafin ya amince, ya kuma gwada LibreOffice wajen rubutu, R ko PSPP wajen ƙididdiga, QGIS wajen taswira, Octave wajen lissafin injiniya. Tsohuwar kwamfutar da aka ce ta gaza, a gwada mata Linux kafin a jefar da ita. Kundin bincike kuma a adana kwafinsa fiye da wuri ɗaya, kada a dogara ga akwatin imel kaɗai.

Muna roƙon malamanmu, in sun ba da aiki, su faɗi sakamakon da suke so, kada su wajabta manhajar da ɗalibi ba shi da halin saye, domin yin haka tura shi ne ga mai fasa makulli. Muna kuma kira ga ƙungiyarmu ta ware rana a kowane zangon karatu, waɗanda suka iya su taimaki waɗanda ba su iya ba wajen saka waɗannan manhajoji, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar jami'a kuwa, in za ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani, ta tambaya tun da wuri: ran da muka rabu, za mu iya kwashe bayananmu mu buɗe su a wani wuri?

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu ce kowa ya watsar da abin da ya saba da shi a dare ɗaya ba. Abin da muke cewa shi ne jami'a wurin neman sanin yadda abubuwa ke aiki ne, bai kuwa dace ɗan jami'a ya shekara huɗu yana aiki da abin da aka haramta masa leƙa cikinsa ba, alhali ga wanda aka buɗe masa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma guntun nan, in muka haɗu muka wasa shi, zai yi mana sara.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.