Sa Ido Kan Rubutu Daga Baki Zuwa Ɗab'i

Ɗalibin da ya tattaro tarihin Gobir daga bakin dattawan Sabon Birni da Isa, ya nufi buga shi, ya kamata ya san inda maganarsu kan sauya kama. Tun da aka tsayar da ƙa'idojin rubutun boko a Zariya, musamman bayan fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Kananci ne ya zama ma'auni. Saboda haka "sunka" kan koma "suka" a hannun mai gyara, "hwara" ta koma "fara", ba tare da an shawarci mai maganar ba. Wannan dai hannun mutum ne, ana iya yi masa gardama.

Na kwamfuta ya fi ɓuya. Manhajar da ke lura da layin ɗab'i takan ba da labarin kowane sauyi: aiki ya shiga layi, ya tsaya, takarda ta ƙare, an soke shi. Amma fa ba ta karanta abin da ke bisa takardar. Idan samfurin haruffan ba shi da masu lanƙwasa, sai Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ta fito da ɗan akwati a gurbin ƙ, alhali manhajar tana shaida cewa aiki ya kammala lafiya.